Tsiron dawa da furen hublon: me ke faruwa a cikin tukunyar giya, kuma ina ribar manomin Nijar?

A ƙasashen Turai da Amurka, mutane da yawa sun mayar da dafa giya a gida abin sha'awa na ƙarshen mako. Waɗanda suka ƙware a cikinsu ba sa sayen ruwan malt na gwangwani da masana'anta ta riga ta sarrafa. Daga ƙwayar tsaba suke farawa, su ɓarza, su jiƙa, su tace, su dafa da hannunsu. Wannan hanya ita ce ake kira tsaba zalla, kuma giyar da suka fi yayi ita ce mai ɗacin furen hublon, wadda aka sani da suna IPA.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa burkutu a wasu unguwannin Yamai ko a yankin Gaya ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin matan da ke wannan sana'a ba su taɓa sanin wata hanya ba sai ta tsaba zalla. Mafi yawan ƴan Nijar Musulmi ne, Musulunci kuma ya haramta giya, shi ya sa ba a cika tattauna batun a fili ba. Sai dai rabin farko na aikin, wato kafin a zuba yis, shi ne dai aikin da ake yi wajen kunun zaƙi, da lemon malt marar sa maye, da kunun yara na garin tsiro. Sanin abin da ke faruwa a cikin tukunyar ya shafi manomin dawa, ya shafi uwa mai yaye, ya kuma shafi duk mai tunanin kafa masana'antar sarrafa abinci a ƙasar.

Tsiro, tushen komai

Ƙwayar dawa ko ta sha'ir cike take da sitaci, yis kuwa ba ya cin sitaci, sukari yake ci. Don haka aikin farko shi ne mayar da sitaci sukari, kuma ƙwayar ce da kanta ke ba da makamin yin hakan. Idan aka jiƙa ta ta fara tsirowa, tana samar da wasu sinadarai da ake kira amilaz, waɗanda ke yanyanka sitaci ya koma sukari domin ciyar da ɗan tsiron. Mai dafa giya yana barin ƙwayar ta tara waɗannan sinadarai, sa'annan ya katse tsirowar ta hanyar busarwa tun kafin ta cinye abincin da ke cikinta. Abin da ya fito shi ne malt, wanda masu sana'ar a nan ke kira tsiro kawai.

A masana'antun Turai ana jiƙa sha'ir kamar kwana 2, a bar shi ya tsira kwana 4 zuwa 5, sai a busar da shi da iska mai zafi a cikin tanda. Mai burkutu tana jiƙa dawa dare ɗaya ko fiye, ta tsane ta, ta baza a ƙasa ko a kan tabarma, ta rufe da ganye ko buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 3 zuwa 5, daga nan ta shanya a rana. Kayan aikin sun bambanta, amma manufar ɗaya ce.

Yadda mai tsaba zalla ke aiki

Mai dafa IPA a gida yakan auna aikinsa da lita 20. Don wannan adadi yana buƙatar malt na sha'ir kimanin kilo 5 da hublon giram 100 zuwa 200. Yana ɓarza malt ɗin, ba ya niƙa shi lukui, domin yana so ɓawon ya fito da girmansa. Sai ya kwaɓa shi da ruwan zafi, ya riƙe zafin tsakanin digiri 63 da 68 na ma'aunin Selshiyas har tsawon awa ɗaya.

Wannan ɗan tazarar zafi ita ce zuciyar aikin. Amilaz iri biyu ne a cikin malt. Na farko ya fi aiki a wajajen digiri 60 zuwa 65, yana ba da sukarin da yis ke cinyewa duka. Na biyu ya fi jure zafi, yana aiki har wajajen digiri 70, yana barin wani sashe na sukarin da yis ba ya iya ci. Idan mai dafawa ya tsaya a ƙasa, giyar za ta fito da ƙarfi kuma ba kauri. Idan ya hau sama, za ta fi kauri da ɗan zaƙi. Idan kuwa ya wuce digiri 78, sinadaran sun mutu, aikin ya tsaya.

Bayan awa ɗaya sai a tace. A nan ɓawon sha'ir ke yin amfani: yana kwanciya a gindin tukunya ya zama rariya, ruwan zaƙi ya bi ta cikinsa ya fito garau. Ana ƙara ɗauraye dusar da ruwan zafi don a kwashe sauran sukarin. Ruwan zaƙin da aka tara ana tafasa shi kamar minti 60 tare da hublon, a sanyaya shi da sauri zuwa digiri 18 ko 20, a zuba yis, a rufe. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yis ya mayar da sukarin barasa da iskar gas.

Dabarar masu burkutu

Wanda ya ɗauki wannan tsari ya yi shi da dawa ba tare da gyara ba zai sha mamaki, domin dawa tana da hali uku da sha'ir ba shi da su. Na ɗaya, sitacinta ba ya nuna ya buɗe sai zafi ya kai wajajen digiri 70 ko fiye, wato daidai inda sinadaran amilaz ke fara mutuwa. Na biyu, tsironta yana da ƙarancin amilaz ɗin farko, mai ba da sukarin da yis ya fi so. Na uku, ƙwayarta ba ta da ɓawon da zai zama rariya.

Matan Afirka ta Yamma sun warware matsalar farko tun da daɗewa. Suna dama garin tsiro da ruwa marar zafi, su bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, wanda ke ɗauke da sinadaran amilaz, su kwashe shi su ajiye gefe. Gasarar da ta kwanta ƙasa ita kaɗai suke dafawa har ta nuna ta yi kauri. Idan ta ɗan huce sai su mayar mata da ruwan da suka ajiye, nan take kaurin ya fara sakewa, zaƙi ya fito. Ta haka sitaci ya samu zafin da yake so, sinadaran kuma ba su ƙone ba. Don garin ya kwanta da wuri, masu dolo a Burkina Faso suna zuba ruwan yauƙi na karan kuɓewa ko na ɓawon itace dangin dargaza. Masu binciken da suka yi aiki a kan giyar dawa ta masana'anta sun koma ga wannan dabara ta kwashe ruwan sama, saboda ita ce ta dace da halin ƙwayar.

Daga nan hanyoyin biyu ke rabuwa. Mai burkutu tana barin haɗin ya kwana ya yi tsami, aikin wasu ƙwayoyin halitta irin waɗanda ke sa nono tsami. Washegari ta tace, ta tafasa na tsawon awoyi, ta bari ya huce, sa'annan ta zuba yis ɗin da ta ajiye daga dahuwar baya. Cikin dare ɗaya ko kwana ɗaya giyar ta tashi, ana sayar da ita tana kumfa. Ƙarfin barasarta yakan tsaya tsakanin kashi 2 zuwa 6 cikin ɗari. Abin sha ɗaya ne da sunaye da yawa da ƴan bambance-bambance: burkutu a Nijar da Najeriya, dolo a Burkina da Mali, cukutu a Benin da Togo, capalo a Kwaddibuwa, pito a Gana, bilbil a Cadi da Kamaru.

Mene ne hublon?

Hublon tsiro ne mai hawa kamar wake, yana bin igiya har mita 6 ko fiye. Abin da ake amfani da shi shi ne furen macen, wanda ke ɗauke da wani gari mai ruwan ɗorawa cike da ƙaro da mai masu ƙamshi. Ƙaron ba ya ba da ɗaci sosai sai an tafasa shi, shi ya sa hublon ɗin da aka zuba tun farkon tafasa shi ke kawo ɗaci. Man ƙamshin kuwa yana gudu da tururi, don haka hublon na ƙamshi ana zuba shi a mintocin ƙarshe, ko ma bayan giyar ta tashi, a bar shi ya jiƙa cikinta kwana 3 zuwa 5. A ma'aunin ɗaci na masu sana'ar, giyar kwalba da aka saba gani ba ta cika wuce 25 ba, IPA kuwa tana kaiwa 40 zuwa 70.

Amma ba don ɗanɗano kaɗai Turawa suka rungumi hublon ba. Sinadaransa suna hana ƙwayoyin tsami yaɗuwa, wato dai waɗanda mai burkutu ke gayyata da gangan. A nan babban bambancin yake: burkutu da tsami take kare kanta, kuma kariyar ba ta wuce kwana 2 ko 3, daga nan ta lalace. Giyar hublon da ɗaci take kare kanta, idan aka rufe ta da kyau tana yin watanni. Saboda haka burkutu ta zauna sana'ar unguwa, ana dafawa ana sayarwa nan take, ita kuwa giyar hublon ta zama hajar fatauci. A 1516 mahukuntan Bavariya, a Jamus ta yau, suka kafa dokar da ta taƙaita kayan giya ga ruwa, sha'ir da hublon. A ƙarni na 19 masu dafa giya na Ingila, musamman na garin Burton, suka yi suna da giya mai yawan hublon da ake lodawa a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga nan sunan IPA ya samo asali. Yayin da ake yi yanzu ya taso ne daga Amurka, inda aka fitar da irin hublon mai suna Cascade a 1972, sa'annan a 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida.

Hublon ba ya yin kyau a Nijar, kuma dalilin ba ruwa ba ne kaɗai. Tsiron yana buƙatar dogayen ranakun bazara da hutun sanyi mai tsanani, abin da ake samu tsakanin digiri 35 zuwa 55 daga tsakiyar duniya. Manyan gonakinsa suna yankin Hallertau na Jamus da kwarin Yakima na Amurka. Yamai tana wajajen digiri 13 da rabi, inda tsawon rana ba ya canzawa sosai tsakanin damina da rani. A Afirka, yankin George na Afirka ta Kudu ne ya yi fice wajen nomansa, shi ma bayan an samar da irin da ya dace da gajerun ranaku. Habasha tana da nata maganin: ganye da karan wani itace mai suna gesho, wanda ke ba giyarsu ta gargajiya ɗaci. A jami'o'in Najeriya an gwada shuwaka, namijin goro da dogon yaro a matsayin madadin hublon. Ɗacin yana samuwa, amma har yanzu manyan masana'antu hublon suke shigowa da shi.

Zafin Yamai

Ko da an samu malt da hublon, akwai sauran rina a kaba. Yis ɗin giyar IPA yana son digiri 18 zuwa 20. A Yamai, cikin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma yis ɗin da ya yi aiki cikin irin wannan zafi yana fitar da wari mai kaifi da ɗanɗano marar daɗi. Sai cikin hunturu, a Disamba da Janairu, dare ke saukowa kusa da abin da ake so. Ban da wannan sai firji, firji kuma sai wutar lantarki mai tsayawa. Hublon kansa yana rasa ƙamshinsa idan ya sha iska da zafi. Yis ɗin masu burkutu kuwa ya saba da wannan yanayi tun kaka da kakanni, kamar yadda manoman yammacin Norway ke da nasu na gado, mai suna kveik, wanda ke aiki a digiri 30 zuwa 40.

Haɗarin da ke cikin aikin

Tsiron dawa yana da wani haɗari da makiyaya suka daɗe da sani: dabbar da ta ci gyauron dawa ko ƙaramar shuka tana iya faɗuwa nan take. Dalili shi ne wani sinadari da ke cikin saiwa da ɗan ganyen tsiron, wanda ke sakin gubar sayanayid. Don haka wajibi ne a murje busasshen tsiro a sheƙe saiwoyin da ganyen kafin niƙa, sa'annan a dafa da kyau. Wannan ƙa'ida ta shafi mai kunu kamar yadda ta shafi mai giya.

Haɗari na biyu shi ne fumfuna. Tsabar da ta kwana da laima a wuri mai zafi tana iya kama fumfunar da ke fitar da gubar aflatoksin, mai lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta. Dawar da ta riga ta yi baƙi-baƙi ko take wari ba ta dace da tsiro ba.

Na uku, a rarrabe giyar tsaba da barasar da ake turarawa, irin su sodabi da ogogoro. Mace-macen da aka yi a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya a 2015 sun faru ne sakamakon gubar metanol a cikin ogogoro. Wannan ba ya wanke burkutu, domin barasa barasa ce: tana cin hanta, tana jawo haɗarin hanya, tana cinye kuɗin cefane. Ga kuma itacen girki. Tafasa manyan tukwane na tsawon awoyi yana cin itace mai yawa, a birnin da ya riga ya dogara da dazuzzukan da ke kewaye da shi.

Darasin Braniger da na 1988

Yamai ta yi sama da shekara 50 tana da masana'antar giya da lemo, wato Braniger, wadda aka kafa a 1967, daga baya ta kasance cikin rukunin kamfanonin Castel na Faransa. Ita ce ta riƙa yin Bière Niger da kuma lemunan kwalba. A 2019 ta dakatar da aiki, ma'aikata suka rasa abin yi. Masana'anta irin wannan a yankin Sahel tana sayo malt na sha'ir da hublon ne daga waje, ta biya kuɗin jirgin ruwa zuwa gaɓar teku, ta biya na mota har fiye da kilomita 1000 zuwa Yamai. Ko a lokacin da take cin kasuwa, manomin Maradi ko na Dosso ba shi ne ke cika mata rumbu ba.

Najeriya ta bi wata hanya dabam, ba da son ran kamfanoni ba. A Janairun 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da malt na sha'ir don tsimin kuɗin waje. Kamfanoni irin su Nigerian Breweries da Guinness suka koma ga dawa da masara, suka sake tsarin injinansu. Irin dawar SK5912, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar, yana cikin waɗanda suka samu karɓuwa. Daga baya an ɗage haramcin, amma dawa ba ta fita daga masana'antun ba, kuma ana amfani da ita har a lemunan malt marasa barasa da ake sha a bukukuwan aure da na suna daga Kano har Yamai. A Yuganda ma, a 2002 kamfanin Nile Breweries ya fito da giyar Eagle daga dawar da ƙananan manoma ke nomawa bisa yarjejeniya.

Nijar tana da dawar. Ita ce ta biyu bayan hatsi, wato gero, kuma a shekarar da damina ta yi kyau abin da ake girbewa yana kaiwa kusan tan miliyan 2. Cibiyar INRAN tana da irin da manoma suka sani, kamar Mota Maradi, Sepon 82 da IRAT 204, ga kuma cibiyar ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai. Gaskiya ne cewa dawa abinci ce kafin komai, kuma a shekarar fari duk tiyar da ta shiga masana'anta ta fita ne daga tukunyar tuwo. Amma a shekarar yalwa, lokacin da farashi ke faɗuwa da kaka, mai saye na dindindin da ke neman tsaba mai tsabta kuma mai tsirowa da kyau zai iya ba manomi abin da ɗan kasuwar ƙauye ba ya ba shi.

Tsiro ba na giya kaɗai ba ne

Mai kunun zaƙi tana raba gasara biyu. Kashi ɗaya ta zuba masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, ɗayan ta bar shi ɗanye ta haɗa shi da niƙaƙƙen tsiron shinkafa ko dankali, sa'annan ta gauraya su ta bari su kwana. Da safe kunun ya saki ya yi zaƙi. Wannan ita ce dabarar mai burkutu, ita ce kuma ta mai IPA a Amurka, illa dai mai kunu ba ta zuba yis, kuma tana sayarwa tun kafin ya tsima.

Amfanin da ya fi kowanne muhimmanci yana wajen yara. Cikin jariri ɗan wata 6 ƙarami ne, kunu mai kauri kuma ba ya haɗiyuwa gare shi, sai uwa ta tsinka shi da ruwa, yaron ya cika ciki da abin da ba ya riƙe shi. Idan aka dama kunun da kauri, aka sauke, aka barbaɗa ɗan garin tsiro yana da ɗumi, cikin ƴan mintoci zai saki ya zama mai ruwa ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Yaro zai sha adadin da ya saba, amma abincin da ke ciki ya ninka. A Tanzaniya, inda ake kiran garin kimea, ma'aikatan lafiya sun daɗe suna koya wa iyaye mata wannan. Sharaɗin shi ne wanda aka ambata: tsaba mai tsabta, a cire saiwa da ganyen tsiron, a sake tafasa kunun kaɗan kafin a ba yaro.

Hublon zai ci gaba da zuwa daga nesa, kuma IPA a Yamai za ta zauna abin ƴan tsiraru masu firji da kuɗin oda. Tsiro kuwa ana yin sa da tiyar dawa, ruwa, tabarma da rana. A ƙasar da tamowa ke kama yara kowace shekara, wadda kuma ke sayo lemon malt daga maƙwabta, tambayar da ke gaban masu bincike da ƴan kasuwa ita ce wa zai fara samar da garin tsiro mai tsabta, a auna shi, a ƙulla a leda, a sa shi a kanti.